Fashin Baƙi: Yadda Koken Majalisa Ya Kai Ingila Ga Yaƙin Basasa

Me ya sa ake banko wa manzon Sarkin Ingila ƙofa? Duk wanda ya kalli bikin buɗe majalisar dokokin Birtaniya a talabijin, kamar wanda Sarki Charles na Uku ya yi a Nuwamban 2023 da Yulin 2024, ya ga abin da idonsa. Sarki na bisa karaga a zauren majalisar dattawa, sai a aika mai baƙar sanda a kirawo 'yan majalisar wakilai. Ana isa bakin zaurensu sai a rufe ƙofa da ƙarfi, sai an buga ta sau uku da sandar kafin a buɗe. Shi kuwa sarki ba ya taka zauren wakilai sam.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce, al'adar tuni ce da rikicin Charles na Ɗaya da majalisarsa, wanda ya rikiɗe yaƙin basasa a 1642, ya kai ga sare kan sarki a 1649. Daga nan sai a dunƙule labarin: sarki ya zalunci jama'a, majalisa ta tsaya wa talaka, aka gwabza, dimokuraɗiyya ta yi nasara. A nan ne mutane da yawa ke ɓata hanya. Harajin da ake kuka da shi, da kotunan da ake tsoro, da mulki ba tare da majalisa ba, duk sarki ya sa hannu an soke su kafin ƙarshen Agustan 1641. Yaƙi bai tashi ba sai bayan shekara guda cif. To in an share wa majalisa hawaye, a kan me aka zubar da jini?

Majalisar wancan zamani ba irin ta yau ba ce

A farkon ƙarni na 17 majalisa ba ta da zaman dindindin. Sarki ke kiranta in ya ga dama, ya sallame ta in ta ishe shi. Zaurenta biyu ne. Na dattawa, inda masu sarautar gado da bishop-bishop na cocin Ingila ke zama, da na wakilai mai mutum kusan 500, yawancinsu masu manyan filaye, sai lauyoyi da attajirai. A karkara sai namijin da ya mallaki filin da ke kawo sule 40 a shekara yake da ƙuri'a. Mace ba ta da ita, ɗan ƙwadago ma haka.

Ƙarfinta a wuri ɗaya yake, wato kuɗi. Al'adar ƙasar ita ce sarki ya riƙe gwamnatinsa da abin da filayensa da haƙƙoƙin sarauta ke kawowa. In yaƙi ya taso yana son ƙari, dole ya nemi majalisa ta amince da haraji, su kuma wakilai su ce a fara jin kokensu kafin su kwance bakin jaka. Sannan sarki ba shi da rundunar soja ta dindindin, ba shi da 'yan sanda. Masu tattara masa haraji da masu yanke shari'a a gundumomi, su ne dai waɗannan masu filaye, kuma ba albashi suke ci ba. Duk ranar da suka noƙe, gwamnati ta tsaya.

Charles ya gaji mahaifinsa James a 1625, ya gaji kuma aƙidarsa cewa mulkin sarki daga Allah yake, Allah ne kaɗai zai tuhume shi. James yakan faɗi haka da baki amma ya san inda ake sassautawa. Charles mutum ne mai kamun kai, mai in'ina, marar son yi wa kowa bayani, kuma a wurinsa sukar manufarsa rashin biyayya ne.

Shekara huɗu ana jayayya kan aljihu

Tun majalisar farko aka samu saɓani. An saba ba sabon sarki izinin karɓar kuɗin fito a tashoshin jiragen ruwa har iya rayuwarsa. Wakilan 1625 suka ce shekara ɗaya za su bayar, domin ba su yarda da na hannun daman sarki ba, Duke na Buckingham. Charles ya ci gaba da karɓa ba izini. Harin da aka kai Kadis ta Sifen a 1625 da wanda Buckingham ya jagoranta a tsibirin Re na Faransa a 1627 duk sun ƙare da asarar rayuka da kunya. Da majalisa ta yunƙura tsige shi a 1626, sarki ya rushe ta.

Sai aka ɓullo da rancen dole: a yanka wa mutum abin da zai ranta wa sarki, alhali kowa ya san ba ranar biya. Manyan mutane fiye da 70 suka ƙi, aka kulle su. Biyar daga cikinsu suka garzaya kotu a 1627 suna neman a faɗi laifinsu, aka ce umarnin sarki ne na musamman, alƙalai suka hana su beli. Ga kuma sojoji ana saukewa a gidajen mutane, mai gida ya ciyar da su ko yana so ko ba ya so.

Wannan ya haifi Takardar Neman Haƙƙi ta 1628, wadda tsohon alƙali Sir Edward Coke ya yi ruwa ya yi tsaki wajen tsara ta. Ta nemi kada a karɓi haraji ko rance sai da yardar majalisa, kada a tsare mutum ba a faɗi laifinsa ba, a daina sauke sojoji a gidajen jama'a, a daina amfani da dokar soja lokacin zaman lafiya. Charles ya amince a watan Yuni don yana bukatar kuɗi, sannan ya ci gaba da karɓar kuɗin fito yana cewa takardar ba ta shafe shi ba. Wakilai ba su manta da wannan ba. Ranar 2 ga Maris 1629, kakakin majalisa ya miƙe zai ɗage zama bisa umarnin sarki, wasu wakilai suka danne shi a kujera har aka karanta ƙudurori uku na Sir John Eliot. Sarki ya rushe majalisa. Eliot ya mutu a kurkukun Hasumiyar Landan a 1632.

Shekara 11 ba majalisa

Charles ya yi sulhu da Faransa da Sifen don rage kashe kuɗi, lauyoyinsa kuma suka duƙufa tono tsofaffin dokokin da aka manta. Suka gano cewa duk mai filin da ke kawo fam 40 a shekara wajibi ne ya zo bikin naɗin sarki a ba shi muƙamin barde, sai aka ci tarar waɗanda ba su zo ba. Aka mayar da iyakokin dazuzzukan sarki inda suke ɗaruruwan shekaru baya, aka ci tarar waɗanda gonakinsu suka faɗa ciki. Aka sayar wa 'yan kasuwa izinin kankane cinikin sabulu da gishiri da kwal. Mata a Landan suna kukan sabon sabulun yana ƙona hannu da tufafi.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne kuɗin jirgi. Tun da can, in ana fargabar hari ta teku, sarki kan nemi garuruwan gaɓa su ba da jiragen ruwa ko kuɗinsu. A 1634 Charles ya nema, a 1635 ya faɗaɗa shi zuwa gundumomin da ba su san teku ba, ya koma karɓarsa kowace shekara, kusan fam 200,000. A yi masa adalci: kuɗin a kan rundunar ruwa aka kashe su, kuma 'yan fashin teku na addabar gaɓar ƙasar da gaske. Amma John Hampden, attajirin Buckinghamshire, ya ƙi biyan sule 20 da aka yanka masa. Ba kuɗin ne ba shi da su ba. Tambayarsa ita ce, in sarki kaɗai ke yanke cewa ƙasa na cikin haɗari, kuma shi kaɗai ke yanke abin da za a biya, me ya rage wa majalisa? Alƙalai 12 suka zauna, bakwai suka ba sarki gaskiya, biyar suka ba Hampden. Sarki ya ci shari'a a 1638, amma ganin alƙalansa biyar sun juya masa baya ya ƙarfafa masu ƙin biya.

Duk da haka, babu wanda ya ɗauki makami a kan kuɗin jirgi. Da kuɗi ne kaɗai matsalar, da Charles zai iya ci gaba a haka shekaru masu yawa.

Addini, da wutar da ta taso daga Sukotilan

Ingila ta rabu da Paparoma kusan shekara 100 kafin nan, kuma tsoron Katolika ya shiga jinin mutanenta. Suna tuna jiragen yaƙin Sifen na 1588 da makircin tarwatsa majalisa da albarushi a 1605, ga kuma labarin yaƙin addini da ke cin Jamus tun 1618. A cikin wannan yanayi sarki ya auri Henrietta Maria, 'yar sarautar Faransa, 'yar Katolika mai wurin ibadarta a fada. A 1633 ya naɗa William Laud babban limamin Kantabari. Laud ya sa aka mayar da teburin jibi gabashin coci aka kewaye shi da shinge, ya tsananta tufafin limamai da rusunawa, ya takura wa masu wa'azi. Shi da sarki ba 'yan Katolika ba ne, a ganinsu tsari da kwarjini suke dawo wa ibada. Amma masu neman tsarkake coci, waɗanda ake kira Puritan, gani suke ana komar da su Roma a hankali. A 1637 kotun Star Chamber, kotun sarki ta musamman, ta sa aka yanke kunnuwan William Prynne da Henry Burton da John Bastwick a bainar jama'a saboda rubuce-rubucensu kan bishop-bishop. Dubban mutane suka yi ƙaura zuwa Amurka a shekarun nan.

Charles sarkin ƙasa uku ne, Ingila da Sukotilan da Ailan, kowace da addininta da dokokinta. A 1637 ya ɗora wa cocin Sukotilan sabon littafin addu'a ba tare da shawartar majalisarta ko taron limamanta ba. Ranar da aka fara karanta shi a cocin St Giles a Edinbara, tarzoma ta ɓarke. A Fabrairun 1638 mutanen ƙasar suka rattaba hannu kan alkawarin kare addininsu, suka tara runduna.

Yaƙi na son kuɗi. A Afrilun 1640 sarki ya kira majalisa, wakilai suka ce koke tukuna, ya rushe ta bayan mako uku. A Agusta rundunar Sukotilan ta fatattaki tasa a Newburn, ta mamaye Newcastle, garin da Landan ke samun kwal daga gare shi. Yarjejeniyar Ripon ta wajabta masa biyan waɗanda suka mamaye ƙasarsa fam 850 kowace rana har a daidaita. Gaba kura, baya sayaki. Ya kira wata majalisa ranar 3 ga Nuwamban 1640, kuma wannan karon ba shi da halin sallamar ta.

Watanni goma da majalisa ta samu kusan duk abin da take so

Ƙarƙashin jagorancin John Pym, wakilai suka yi aiki da murya kusan ɗaya. A Fabrairun 1641 aka yi dokar da ta wajabta zaman majalisa aƙalla sau ɗaya a shekara uku. A Mayu aka yi wadda ta hana rushe wannan majalisa sai da yardarta. A Yuli aka soke Star Chamber da babbar kotun coci. A Agusta aka haramta kuɗin jirgi, aka rufe ƙofar tarar dazuzzuka da ta barde. Mutane irin su Edward Hyde da Lord Falkland, waɗanda daga baya suka bi sarki, duk da hannunsu aka yi wannan aiki.

Amma a tsakiyar nasarar aka yi abin da ya ɓata komai. Majalisa ta gurfanar da Thomas Wentworth, Earl na Strafford, wanda ya mulki Ailan da hannun ƙarfe, bisa zargin ya ba sarki shawarar kawo sojojin Ailan su murƙushe Ingila. Da aka ga hujjar cin amanar ƙasa ba ta kama shi a shari'a, sai aka bi ta dokar da ke yanke wa mutum hukuncin kisa da ƙuri'a. Wakilai 204 suka goyi baya, 59 suka ƙi. Charles ya riga ya yi wa Strafford alkawarin ba abin da zai taɓa ransa. Taron jama'a ya kewaye fada, sarki ya ji tsoron abin da zai samu matarsa da 'ya'yansa, ya sa hannu. Aka sare kan Strafford ranar 12 ga Mayu. A kwanakin nan ne kuma aka bankaɗo cewa wasu hafsoshi, da sanin fada, sun yi shirin amfani da soja don kuɓutar da shi.

Kowane ɓangare ya ɗauki darasi mai guba daga nan. Sarki ya gaskata cewa waɗannan mutane za su kashe duk wanda yake ƙauna in suka samu dama. Su Pym kuma suka gaskata cewa sarki na sa hannu da rana yana neman soja da dare, kuma ranar da ya dawo da ƙarfinsa kawunansu ne za su biya, musamman da yake wasunsu sun yi hulɗa da rundunar Sukotilan a ɓoye. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga waɗanda suka ga yadda aka yi da takardar 1628, doka a takarda ba ta isa kariya ba.

Babbar Takardar Koke

A Oktoban 1641 'yan Katolikan Ailan suka yi bore a Ulster, yankin arewacin ƙasar, inda aka ƙwace filayensu aka zaunar da Furotesta daga Ingila da Sukotilan. An kashe dubban mutane, ƙasidun Landan kuma suka ninka adadin suka ƙara masa ban tsoro. Ɗaya daga shugabannin boren, Sir Phelim O'Neill, ya nuna takardar jabu yana cewa da izinin sarki yake yaƙi. Kowa ya yarda dole a tura runduna. Amma wa zai riƙe ta? A doka da al'ada, sarki. Su Pym kuwa ba su ga yadda za su tara soja su miƙa wa mutumin da suke zargin zai juyo da shi kansu ba.

A cikin wannan hali aka kawo Babbar Takardar Koke, wadda Turawa ke kira Grand Remonstrance. Sakin layi 204 gare ta. Ta bi mulkin Charles tun 1625 tana lissafa ɓarna ɗaya bayan ɗaya, daga Kadis zuwa sabulu da gishiri, ta lissafa gyaran da majalisa ta yi, sannan ta faɗi abin da ya rage. Ba ta ɗora wa sarki laifi kai tsaye ba. Ta ce wani gungun mugaye ne, 'yan Katolika da bishop-bishop da fadawa masu yi wa ƙasashen waje aiki, suke kitsa komai. Buƙatunta kuwa sun zarce duk na baya: sarki ya riƙa naɗa ministocin da majalisa ta amince da su kawai, a karya ikon bishop-bishop, a kira taron malaman addini su sake tsarin coci.

Abin da ya raba kan wakilai shi ne wa ake yi wa magana. Koke a al'ada wurin sarki ake kai shi. Wannan kuwa an rubuta shi ne don jama'a su karanta. Sir Edward Dering, wanda ya soki Laud tun farko, ya miƙe ya ce bai taɓa mafarkin za su kai koke ƙasa wurin talakawa ba, suna ba su labari, suna maganar sarki kamar wani can da ba ya nan. Masu irin ra'ayinsa suna tambaya: tunda an gyara waɗannan abubuwa, me ya sa ake tono su, in ba don a tunzura tituna ba? Da yawansu kuma suna son littafin addu'arsu da tsarin cocinsu, Laud kaɗai suka tsana.

Aka yi muhawara ranar 22 ga Nuwamba tun da rana har tsakar dare. Ƙuri'a ta fito 159 da 148, ratar 11 kacal. Da aka kawo batun buga takardar, zauren ya hargitse har wasu suka kama ƙotar takubbansu, sai da Hampden ya kwantar da hankali. Hyde ya ruwaito cewa Oliver Cromwell, wanda a lokacin wakili ne da ba a san shi sosai ba, ya gaya wa Falkland cewa da takardar ta faɗi, da washegari ya sayar da duk abin da ya mallaka ya bar Ingila.

A ganina wannan dare ne ya sa yaƙi ya zama mai yiwuwa. A Nuwamban 1640 Charles ba shi da jama'ar da za ta yi masa yaƙi. Bayan shekara guda, ga mutum 148 a zauren wakilai da suka fi tsoron Pym da taron Landan a kan tsoron sarki.

Kuskuren 4 ga Janairu

Da Charles ya yi haƙuri, da wataƙila rinjaye ya dawo hannunsa. An tarbe shi da murna a Landan ranar 25 ga Nuwamba, amsar da ya bayar ga takardar a Disamba kuma mai sanyi ce, Hyde ne ya tsara ta. Amma zanga-zangar ƙin bishop-bishop ta cika Westminster, unguwar da majalisa ke zama, magoya bayan Pym suka lashe zaɓen majalisar birni, ga raɗe-raɗin za a gurfanar da sarauniya.

Ranar 3 ga Janairun 1642 sarki ya sa aka tuhumi Lord Kimbolton da wakilai biyar da cin amanar ƙasa: Pym, Hampden, Denzil Holles, Arthur Haselrig da William Strode. Washegari ya zo da kansa da mutum kusan 400 ɗauke da makamai, ya shiga zauren wakilai, ya hau kujerar kakaki. An riga an tsegunta wa mutanen, sun bi ta kogi sun shige cikin gari. Ya tambayi kakaki William Lenthall ina suke. Lenthall ya durƙusa ya ce ba shi da idon gani ko harshen magana a wannan wuri sai yadda majalisa ta umarce shi, domin shi bawanta ne. Sarki ya duba kujeru ya ce ya ga tsuntsayen sun tashi, ya fita.

Cikin sa'a guda ya tabbatar wa mutane duk abin da Pym ke faɗa a kansa. Landan ta ɗauki makami ta ɓoye wakilan. Ranar 10 ga wata Charles ya bar birnin, bai sake shigarsa ba sai a matsayin fursuna.

Wa ke riƙe da takobi?

Daga nan komai ya koma kan soja. A Fabrairu sarki ya amince a fitar da bishop-bishop daga majalisar dattawa, sarauniya kuma ta tafi Holan da kayan adon sarauta don neman kuɗin makamai. A Maris majalisa ta zartar da umarnin karɓe ikon dakarun gundumomi, ta ce ya zama doka ko sarki bai sa hannu ba. Wannan sabon abu ne a tarihin ƙasar. Da aka roƙi Charles ya saki ikon na ɗan lokaci, ya rantse da Allah ya ce ko na sa'a ɗaya ba zai saki ba. A Afrilu ya je Hull, inda babban rumbun makamai yake, Sir John Hotham, wanda majalisa ta ba riƙon garin, ya rufe masa ƙofar gari.

A Yuni majalisa ta aika sharuɗɗa 19: ita za ta amince da 'yan majalisar sarki da manyan jami'ai, ita za ta sa ido kan tarbiyya da auren 'ya'yansa, ita za ta riƙe dakaru da ganuwoyi. Amsar sarki, wadda Falkland na cikin marubutanta, ta ce in ya yarda da wannan ba abin da zai rage masa sai hoton sarki da alamarsa. Rundunar ruwa, wadda aka gina da kuɗin jirgi, ta bi majalisa. Ranar 22 ga Agusta Charles ya kafa tutar yaƙi a Nottingham. Ranar 23 ga Oktoba aka gwabza a Edgehill.

Kowane ɓangare da sunan kare doka ya fito. 'Yan sarki suka ce majalisa ce yanzu ke yin doka ba sa hannun sarki, tana tsare mutane, tana amfani da taron tituna. 'Yan majalisa suka ce suna yaƙi ne don ceto sarki daga miyagun mashawarta, kuma 'yancin da aka samu a 1641 ba zai kwana ba in takobi na hannun Charles. Duka biyun akwai gaskiya a maganarsu. Wakilai fiye da 200 sun bi sarki. Sir Edmund Verney ya ce shi ba ya ganin girman bishop-bishop, amma ya ci abincin sarki kusan shekara 30, ba zai guje shi yanzu ba. Ya mutu a Edgehill riƙe da tutar sarki, ɗansa Ralph kuwa yana ɓangaren majalisa. Babu wanda ke maganar ƙuri'ar talaka ko kawar da sarauta a 1642. Wannan magana sai a 1647 ta fito fili daga bakin sojojin majalisa a muhawarar da suka yi a Putney, kusa da Landan, manyan hafsoshi kuma suka murƙushe masu ita.

Abin da ya samu talaka

Yawancin mutane ba su so yaƙin ba. A Yorkshire da Cheshire manyan gari sun ƙulla yarjejeniyar zama 'yan ba-ruwanmu a 1642, shugabannin ɓangarorin suka yi watsi da ita. Masu binciken tarihi sun ƙiyasta cewa mutum 180,000 zuwa 200,000 suka mutu a Ingila da Wales, a ƙasa mai mutum kusan miliyan biyar, kuma cuta da yunwar da ke bin runduna sun kashe fiye da takobi. Abin da ya samu Ailan ya fi haka muni nesa ba kusa ba, musamman bayan zuwan Cromwell a 1649.

Abu mafi ɗaci shi ne, kusan duk abin da takardar 1628 ta hana, majalisa ta aikata shi da yaƙi ya kama. A 1643 Pym ya kawo harajin mako-mako wanda ya ninka kuɗin jirgi, ya kawo kuma harajin kayan masarufi wanda ya hau kan giya, daga baya nama da gishiri. Sojojin ɓangarorin biyu suna sauka gidajen manoma su ci su bar takardar bashi, su kwashe dawakai. Kwamitocin gunduma na ƙwace dukiya suna tsare mutane ba shari'a. A 1645 manoman kudu da yammacin ƙasar suka fito da kulake suna korar kowace runduna daga ƙauyukansu. Hampden da Pym ba su ga ƙarshe ba, duk sun mutu a 1643. A Disamban 1648 sojoji suka tsaya ƙofar majalisa suka hana wakilan da ke son sulhu shiga, ragowar suka kafa kotun da ta yanke wa sarki hukunci, aka sare kansa ranar 30 ga Janairun 1649. A 1653 Cromwell ya zo da sojoji ya kori ragowar ma, ya sa aka ɗauke sandar majalisa.

Abin da ya tsaya bayan ƙura ta lafa

A 1660 aka dawo da sarauta, Charles na Biyu ya hau karagar mahaifinsa. Bishop-bishop suka koma kujerunsu, dokar 1661 ta mayar wa sarki ikon dakaru. Amma Star Chamber ba ta dawo ba, kuɗin jirgi bai dawo ba, kuma babu sarkin da ya sake ƙoƙarin ɗora haraji irin na shekarun 1630. Ka'idar cewa kuɗin gwamnati sai da izinin wakilai ta bi Turawa zuwa ƙasashen da suka mulka, ita ce ake gani a sashe na 80 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, wanda ya hana fitar da kuɗi daga asusun tarayya ba tare da dokar Majalisar Tarayya ba.

Batun takobi kuwa sai da aka sake korar wani sarki, James na Biyu, a 1688. Dokar Haƙƙoƙi ta 1689 ta haramta riƙe rundunar soja lokacin zaman lafiya ba tare da yardar majalisa ba. Har yau majalisar Birtaniya na sabunta dokar rundunonin ƙasar duk shekara biyar, kuma a tsakani sai ta amince da ci gabanta kowace shekara.